Arsenal da abokan gabarta: tambayoyin da aka fi yi da amsoshinsu

Duk mai zuwa gidan kallo ranar Asabar ko Lahadi ya san musun Arsenal ba ya ƙarewa da an tashi wasa, sai an bi shi har teburin mai shayi. Yawancin masu musun daga zamanin Henry suka fara kallo, wasu ma daga zamanin Saka, alhali ƙungiyar ta haura shekara 135 da kafuwa. Ni mai goyon bayan Arsenal ne, amma abin da ya faru shi zan faɗa, da mai daɗi da marar daɗi. Lissafin da ke nan ya tsaya ne a ƙarshen kakar 2024/25.

Su wa suka kafa Arsenal, kuma me ya kawo igwa a tambarinta?

Ma'aikatan wata masana'antar makamai ta gwamnatin Ingila ne, mai suna Royal Arsenal, a unguwar Woolwich da ke kudu maso gabashin Landan. A ƙarshen 1886 wani ma'aikaci mai suna David Danskin da abokan aikinsa suka yi karo-karo suka sayi ƙwallo, suka sa wa ƙungiyarsu sunan wani sashe na masana'antar, Dial Square. Wasansu na farko a watan Disamba na shekarar suka ci Eastern Wanderers 6-0. A 1893, da sunan Woolwich Arsenal, ta zama ƙungiyar kudancin Ingila ta farko da ta shiga gasar lig, a lokacin da ƙarfin ƙwallon ƙasar duk yana arewa da tsakiya. Igwar da ke kan riga daga wannan masana'anta ta samo asali, haka ma laƙabin Gunners. Game da jar riga kuwa, labarin da aka fi bayarwa shi ne tsoffin 'yan wasan Nottingham Forest da ke cikin ma'aikatan su suka kawo ta.

In a kudu aka haife ta, ta yaya ta zama ta arewacin Landan?

Talauci ne ya kore ta. Woolwich lungu ce a bayan kogin Thames, zuwa can da wahala, 'yan kallo kaɗan, kuɗin ƙofa ba ya riƙe ƙungiya. A 1910 bashi ya kusa binne ta, sai wani attajiri mai harkar gine-gine, Henry Norris, wanda kuma shi ne shugaban Fulham, ya karɓe ta. Ya so haɗe ta da Fulham, hukumar lig ta ƙi. A 1913 ƙungiyar ta ƙare a ƙarshen tebur ta faɗa rukuni na biyu, Norris kuwa ya samo fili a Highbury, a hannun wata kwalejin horar da limaman coci, dab da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, tsakiyar unguwa mai cike da jama'a. Ya kwashe ƙungiya ya tsallaka kogi da ita.

Matsalar ita ce wurin yana da mai shi. Tottenham, wadda aka kafa tun 1882, tana zaune ƙasa da kilomita 7 daga Highbury. Ka ɗauka mai shago ne ya shekara talatin a unguwa, ya wayi gari wani ya taso daga wani gari ya buɗe irin shagonsa a tsallaken titi. Tottenham ta kai ƙara, ba a saurare ta ba.

Da gaske ne da maguɗi Arsenal ta hau rukunin farko a 1919?

Ga yadda abin ya kasance, kowa ya yanke hukuncinsa. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsayar da lig bayan kakar 1914/15. A waccan kakar Tottenham ce ta ƙarshe a rukunin farko, Arsenal kuma ta biyar a rukuni na biyu. Da aka dawo a 1919 sai aka ƙara yawan ƙungiyoyin rukunin farko daga 20 zuwa 22. Aka ɗago na ɗaya da na biyu daga ƙasa, aka bar Chelsea da ta zo ta 19, gurbi guda ya rage. Tottenham ta ɗauka nata ne, tunda a baya in an faɗaɗa gasa ba a korar na ƙarshe. Sai aka ce a kaɗa ƙuri'a. Arsenal ta samu 18, Tottenham 8, alhali akwai ƙungiyoyi biyu da suka ƙare a saman Arsenal aka tsallake su.

Mutanen Tottenham har gobe suna cewa Norris ya sayi ƙuri'un. Ba a taɓa kawo shaida ba, sai dai bayan wasu shekaru hukumar ƙwallon Ingila ta haramta wa Norris harkar ƙwallo saboda wasu mu'amalolin kuɗi daban, abin da ya ƙara wa zargin ƙarfi. A ganina ko ba a ba kowa ko kwabo ba, a fili ba Arsenal ce ta cancanci gurbin ba, kuma mai goyon bayanta ya kamata ya iya faɗin haka. Abin da ba a musu a kai shi ne tun daga ranar ba ta sake faɗawa ƙasa ba. Babu ƙungiyar da ta kai ta daɗewa a rukunin farko a jere.

To wace ce babbar abokiyar gabar Arsenal? A nan kowa United ko Chelsea yake kira.

Tottenham ce, babu ja. A wurinmu abin ya bambanta ne saboda a bencin gidan kallo ɗan United da ɗan Chelsea ne ke kusa da kai, su za su tsokane ka, ɗan Tottenham kuwa sai an tona. Amma a arewacin Landan unguwa ɗaya suke, makaranta ɗaya, wani lokaci gida ɗaya. Gabar United ta taso ne don ana neman kofi ɗaya, ta lafa da aka daina. Ta Tottenham ba ta buƙatar kofi. Ko su biyun suna tsakiyar tebur, ranar wasan nan gari ba ya zama lafiya.

Abin da ya fi ci wa Tottenham rai guda biyu ne. Ranar 3 ga Mayu 1971 Arsenal ta je White Hart Lane, filin Tottenham, a wasan ƙarshe na kaka, in ta yi nasara ko aka tashi babu ci ta ɗauki lig, in ba haka ba Leeds ta ɗauka. Dubban mutane suka kasa samun shiga. Ana dab da tashi Ray Kennedy ya sa kai, 1-0. Bayan kwana biyar ta doke Liverpool a Wembley ta haɗa da Kofin FA. Sai kuma 25 ga Afrilu 2004, a wannan filin dai: Vieira da Pires suka ci, Tottenham ta farke duka biyun, har 'yan wasanta na murna kamar sun yi nasara, alhali maki ɗayan nan shi ya ba Arsenal kofi. Henry ya ja abokan wasansa suka yi bikinsu a gaban magoya bayansu, cikin gidan mutane. Sau biyu Tottenham ta taɓa cin lig a tarihinta, 1951 da 1961. Sau biyu Arsenal ta ci shi a filin Tottenham.

Su ma suna da nasu ranakun, kuma adalci ne a ambata. Sun riga Arsenal haɗa lig da Kofin FA da shekara goma, kuma su ne ƙungiyar Birtaniya ta farko da ta ci kofin Turai, a 1963. Bugun tazarar da Gascoigne ya ci Seaman daga nesa a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin FA a 1991 har yau ana nuna shi. Kuma wanda ya fi kowa cin ƙwallo a wannan karawa shi ne Harry Kane, yaron da makarantar horon Arsenal ta sallama yana ƙarami. Arsenal ta yi kaka 21 a jere tana ƙarewa a saman Tottenham, sai a 2017 abin ya juye, bai dawo ba sai 2023.

Me ya sa har yanzu ba su yafe wa Sol Campbell ba?

Domin ɗansu ne na cikin gida. A wurinsu ya tashi tun yana yaro, ya zama kyaftin, kuma ya sha nuna cewa yana nan. A Yulin 2001 kwantiraginsa ya ƙare. 'Yan jarida suka taru a sansanin Arsenal suna jiran a gabatar da sabon gola, Richard Wright, sai ga Campbell ya fito tare da Wenger, kocin Arsenal a lokacin. Kyauta ya tafi, Tottenham ba ta samu ko fam ɗaya ba. A kakarsa ta farko ya ci lig da Kofin FA. Zagin da ya sha duk sanda ya koma White Hart Lane ya wuce gona da iri, wani ma bai kamata ya fito daga bakin ɗan Adam ba, amma zafin da suka ji ana iya gane shi.

Wenger ne ya mayar da Arsenal babbar ƙungiya?

A'a, Herbert Chapman ne, shekara saba'in kafin Wenger. Ya zo daga Huddersfield a 1925 Arsenal ba ta taɓa cin babban kofi ba. A shekarar aka sauya dokar satar gida, shi kuma ya janye ɗan tsakiya guda ya mayar da shi tsakanin 'yan baya, tsarin da sauran ƙungiyoyi suka kwaikwaya. Ya ci Kofin FA a 1930, lig a 1931 da 1933. Shi ya sa wa jar rigar fararen hannuwa, shi ya matsa har aka sauya sunan tashar jirgin Gillespie Road ta koma Arsenal a 1932. Ciwon huhu ya ɗauke shi a Janairun 1934 ana tsakiyar kaka, amma ƙungiyar da ya gina ta sake cin lig a 1934, 1935 da 1938.

Ta yaya gabar Arsenal da Manchester United ta yi zafi haka?

Wutar ta kama tun kafin Wenger. A Oktoban 1990 aka yi dambe a Old Trafford da kusan duk 'yan wasan da ke fili, aka cire wa Arsenal maki biyu, United ɗaya, kuma duk da haka Arsenal ta ci lig ɗin. Amma zuwan Wenger daga Japan a 1996 shi ya mayar da abin yaƙi. Ferguson, kocin United a lokacin, ya saba babu mai ɗaga masa murya, sai ga Bafaranshe mai tabarau ya zo ya hana 'yan wasa giya da soye-soye, ya kuma karɓe lig da Kofin FA a 1998. Daga 1996 zuwa 2004, kaka tara, babu wanda ya taɓa kofin Firimiya sai su biyun.

A tsakiyar fili kuma ga Roy Keane ga Patrick Vieira, kowa kyaftin, kowa ba ya ja da baya. Wasan da ya fi yi mini ciwo shi ne na kusa da na ƙarshe na Kofin FA a 1999 a Villa Park. An kori Keane, an ba Arsenal fenariti a mintin ƙarshe, Schmeichel ya kaɗe bugun Bergkamp, sannan a ƙarin lokaci Giggs ya ɗauko ƙwallo daga rabinsu ya ratsa 'yan bayanmu ɗaya bayan ɗaya. Da Bergkamp ya ci, da babu maganar kofi uku da 'yan United ke tinƙaho da su. Ramuwar ta zo a Mayun 2002, Wiltord ya ci a Old Trafford aka ɗauki lig a can.

Satumban 2003 aka kai ƙololuwa. An ba Vieira jan kati, an ba United fenariti ana shirin tashi, van Nistelrooy ya buga ta daki turken sama ta dawo. Martin Keown ya daka tsalle ya faɗo masa a wuya yana yi masa ihu a fuska, sauran suka kewaye shi suna turawa. An dakatar da 'yan Arsenal huɗu an ci ƙungiya tara, kuma sun cancanci hukuncin. Sai dai turken nan shi ya tsare kakar da ba a ci Arsenal ba. Bayan shekara guda, ranar 24 ga Oktoba 2004, a filin dai, Rooney ya faɗi a gaban Campbell, alƙalin wasa Mike Riley ya nuna fenariti da har yau ban ga taɓawar da ta kai a ba da ita ba, van Nistelrooy ya ci, aka tashi 2-0. A hanyar shiga ɗakin sauya kaya aka jefi Ferguson da yankin fiza, Fabregas ya amsa daga baya cewa shi ne.

Bayan Vieira ya ci United fenaritin ƙarshe a wasan ƙarshe na Kofin FA a 2005 ya tafi Juventus, Keane ma ya bar United a shekarar, sai wutar ta fara mutuwa. Cin 8-2 da United ta yi wa Arsenal a 2011 da sayar wa United van Persie a 2012 sun nuna cewa ƙungiyoyin sun daina zama sa'o'in juna a lokacin.

Wasa nawa aka yi ba a ci Arsenal ba?

A kakar 2003/04 wasa 38: nasara 26, canjaras 12, maki 90, Henry da ƙwallo 30. In aka haɗa da ƙarshen kakar da ta gabata da farkon ta gaba, wasa 49 ne a jere. Kafin su Preston kaɗai ta taɓa gama kaka haka, a 1888/89, a gasar wasa 22. Masu cewa canjaras ya yi yawa su tambayi Manchester City mai maki 100 da Liverpool mai maki 99, dukkansu an ci su a hanya.

Kanu ne ya sa 'yan Najeriya ke son Arsenal?

Shi ne babban dalili. Ya zo daga Inter a farkon 1999, bayan zinaren Atlanta 1996 da tiyatar zuciya da aka ce da wuya ya sake taka leda bayanta. Zuwansa ya dace da lokacin da tauraron ɗan Adam da gidajen kallo ke yaɗuwa a garuruwanmu, mutane suka samu nasu a cikin akwati kowane mako. Wasansa na farko ma ya zo da rigima: an jefo wa Sheffield United ƙwallo don a mayar musu bayan an duba ɗan wasansu da ya ji ciwo, Kanu bai gane ba ya ɗauka ya ba Overmars ya ci. Wenger ya ce a sake wasan, aka sake, Arsenal ta kuma yin nasara.

Ranarsa ita ce 23 ga Oktoba 1999 a Stamford Bridge, ana ruwa, Chelsea na gaba 2-0 saura minti 15. Ya ci ta farko, ya ci ta biyu. A minti na 90 ya bi ƙwallo har bakin layi ta hagu, gola Ed de Goey ya fito ya tare shi, ya yanke shi ya bar shi a ƙasa. Daga inda yake, kowa jira yake ya miƙa wa wani. Desailly da Leboeuf, waɗanda suka ci Kofin Duniya a 1998, suna tsaye a bakin raga, sai ya murɗa ta ta saman kansu ta shige can sama. A shekarar aka sake zaɓensa gwarzon ɗan wasan Afirka. Bayansa ƙofar ta buɗe: Lauren, Kolo Toure, Eboue, Adebayor, Song, Iwobi, Aubameyang, Partey, ga Saka ɗan iyayen Najeriya.

Chelsea fa?

Gaba ce ta baya-bayan nan, amma a nan ta fi ko'ina zafi, saboda Chelsea ma ta kwashi namu: Babayaro haifaffen Kaduna, Mikel, Essien, Drogba. Kuɗin Abramovich a 2003 da zuwan Mourinho a 2004 su suka tsige Arsenal daga sama. Ashley Cole ya koma can a 2006, Drogba ya mayar da ragar Arsenal gonarsa, Mourinho ya kira Wenger gwanin faɗuwa, sannan ya ci shi 6-0 a wasansa na 1,000 a 2014. A Baku a 2019 sun ci mu 4-1 a wasan ƙarshe na Europa. Amma a Kofin FA, sau uku aka haɗu a wasan ƙarshe, 2002, 2017 da 2020, duka Arsenal ta ɗauka.

Me ya jawo dogon fari bayan 2005?

Filin wasa. A lokacin Highbury na ɗaukar mutum kusan 38,000, Old Trafford ya kusa ninka shi, kuma babu wurin faɗaɗawa saboda gidajen mutane sun kewaye shi. Aka ci bashi aka gina Emirates mai ɗaukar 60,000 a kan kusan fam miliyan 390, aka tare a 2006. Lissafin shi ne kuɗin ƙofa zai sa a yi gogayya da United. Ba a san attajirai za su sayi Chelsea da City su zuba kuɗin da ƙofa ba za ta taɓa kawowa ba. Sai ya zama kowace shekara ana sayar da gwani ana renon yaro: Henry, Fabregas, Nasri, van Persie. Shekara tara babu kofi, sai 2014 da aka farke biyu aka ci Hull 3-2.

Wenger yana da nasa laifin, musamman taurin kai wajen sayen gola da ɗan tsakiya mai tare hanya. Amma mutumin ya riƙe ƙungiya a Kofin Zakarun Turai duk shekarun bashin, kuma yadda aka riƙa ɗaga masa kwalaye ana cewa ya tafi kafin 2018 bai dace da wanda ya ci lig uku da Kofin FA bakwai ba. Arteta, da ya karɓa a Disambar 2019, ya ci Kofin FA a 2020, ya zo na biyu a 2023, 2024 da 2025.

Ina aka kwana a Turai?

Nan ne rauni. Akwai kofin Fairs na 1970 da na Cup Winners na 1994. A Kofin Zakarun Turai kuwa, 2006 a Paris: an fitar da Real Madrid da Juventus, an kori gola Lehmann a minti na 18 na wasan ƙarshe, Campbell ya ci da ka, mutum goma suka riƙe Barcelona har saura kwata, sai Eto'o da Belletti. A 2025 an ci Real Madrid gida da waje, PSG ta tsayar da mu a wasan kusa da na ƙarshe. Ƙungiyar mata ce ta kawo kofin sau biyu, 2007 da 2025, kuma Asisat Oshoala ta taɓa buga mata.

In mutum zai nemi tsohon wasa ɗaya ya kalla, wanne ne?

Anfield, gidan Liverpool, daren Juma'a 26 ga Mayu 1989. An ɗage wasan ne zuwa ƙarshen kaka saboda turmutsitsin Hillsborough da ya hallaka magoya bayan Liverpool, shi ya sa 'yan Arsenal suka fito riƙe da furanni suka miƙa wa 'yan kallo kafin a take. Liverpool na gaba da maki uku. Sai Arsenal ta ci da tazarar ƙwallo biyu za ta ɗauki lig, abin da aka shekara uku ba a yi wa Liverpool a gidanta ba, ita kuma Arsenal rabonta da kofin shekara 18.

Kocin Arsenal George Graham ya ce wa yaransa kada su yi gaggawa, su kai hutun rabin lokaci babu ci. Haka aka yi. An dawo da minti bakwai Alan Smith ya goga wa bugun Winterburn kai. Aka ci gaba a 1-0 har lokaci ya cika, 'yan Liverpool suna nuna wa juna saura minti ɗaya. Gola Lukic ya jefa wa Dixon, Dixon ya cilla wa Smith, Smith ya tura gaba, Michael Thomas ya shigo da gudu, ƙwallo ta bugi ɗan baya ta dawo masa, ya jira Grobbelaar ya motsa sannan ya ɗaga ta. Ƙungiyoyin biyu suka ƙare da maki 76, rarar ƙwallo 37 kowacce. Da yawan ƙwallon da aka ci aka raba su: Arsenal 73, Liverpool 65.